Rumfar da Aka Gina Mana

Mu biyu ne zabiyoyi a gidanmu, ni da yayana. Sauran duk baƙaƙe ne kamar Baba da Inna, mu kaɗai Allah ya fito da mu farare sol, gashi kamar gemun masara, idanu suna rawa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ƙauyenmu yana tsakanin Tsiga da Malumfashi, ƙasar masara da auduga, inda namijin da ba ya shiga gona ba a sa shi a sahun maza. Ni boko ya rufa mini asiri. Na yi ta manna littafi a hanci har na zama malamar firamare, aikina a cikin aji, ƙarƙashin rufi. Yaya kuwa fartanya ya gada.

Noman zabiya daban yake. Ana sallame Asuba yake fita, kafin rana ta ɗaga ya dawo gida, sai kuma bayan La'asar ya koma. Malfa a kai, rawani a wuya, riga mai dogon hannu komai zafi. Mutanen ƙauye suka sa masa suna manomin inuwa, suna faɗa suna dariya, wani lokaci a gabansa. Shi ba ya tankawa. Ni ce mai tankawa, tun ina ƙarama an san ni da wannan, har Inna kan ce bakin Yaya aka haɗa mini da nawa.

Duk da wannan kaffa-kaffa rana ta ci shi. Bayan hannuwansa ya yi kaushi, wuyansa ya yi ɗigo-ɗigo, leɓensa kullum a tsage. A bayan kunnensa na dama kuma, daidai inda malfa take zamewa in ya sunkuya, akwai wani ɗan ƙurji mai yin ɓawo. Sai ya ɓare, ya yi kamar ya warke, ya sake dawowa.

Akwai wani ƙaramin asibiti a hanyar Funtua, ba zan kama sunansa ba, inda wani likitan fata yake zuwa daga Zariya sau ɗaya a wata domin irinmu. Yana zuwa da wani ruwa mai hayaƙi a cikin gora kamar fulas ɗin shayi, sanyinsa ƙuna yake yi. In ya ɗiga shi a kan kaushin fata sai wurin ya mutu ya faɗi, sabuwa ta fito. A can kuma ake ba mu man shafawa mai kare rana. Ranar da ya fara duba kunnen Yaya ina tsaye a ɗakin. Ya daɗe yana taɓa wurin, sannan ya ce, "Malam, wannan ina so in riƙa ganinsa duk wata. In ya canza, mu yanke shi tun yana sama. In ya shiga ciki, ba ni da abin da zan yi maka a nan." Yaya ya ce to. Kuma ya riƙe alkawari, wata ba ya wucewa bai je ba, ni a bayan mashin ɗinsa.

Wahalar ba a ɗakin likita take ba, a jira take. Likita daga nesa yake tahowa, sau da yawa sai rana ta take tsaka yake isowa, mu kuwa tun da sassafe muke can. Asibitin yana da baranda mai faɗi da benci, amma ranarmu ta haɗu da ranar awon ciki, barandar ta masu ciki ce. Na taɓa zama a cikinsu sau ɗaya. Wadda ke kusa da ni ta ja hijabi ta lulluɓe cikinta da hannu biyu, wata ta juya mini ƙeya, wata tsohuwa da ta rako 'yarta ta tofar da yawu ta ce yarinyar ta rufe ido. Wai in mai ciki ta ƙura wa zabiya ido, zabiya za ta haifa. Na tambayi tsohuwar ita Innata wa ta kalla, tunda kafin Yaya babu zabiya a ƙauyenmu. Aka yi ca a kaina. Babbar nas ta fito ta ce don a zauna lafiya, mu riƙa jira a waje.

A waje akwai wani tsohon bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, a tsakiyar filin asibitin. Inuwarsa takan ɗauke mu duka har da 'yan rakiya. Tunda dole a yi layi a ƙofar likita, ƙofar kuma cikin rana take, sai muka samo dabara: kowa ya iso ya tuɓe takalminsa ya jera a layin, ya koma gindin bedi ƙafa ba takalmi. Takalma ke shan rana a madadinmu. In layi ya zo sai mai gadi ya ɗaga murya, "Mai silifas shuɗi," ko "Mai takalmin ɗan-kafta da ɗinkin waya," mutum ya taso ya zura ƙafa a takalmi mai zafi kamar kaskon suya, ya shiga yana ɗingishi, mu muna dariya.

Ina son gindin bedin nan, ba zan ɓoye ba. A duniya nan ne kaɗai muka fi yawa. Daga Bakori ake zuwa, daga Ƙafur, har daga wajen Matazu. Ba mai kallon kowa. Akwai wata dattijuwa zabiya da duk muke kira Gwaggo, mai sayar da gyaɗa soyayya, ita ce uwar wurin, ita ke raba faɗa kan wa ya riga wa ajiye takalmi. A nan na san Yaya ya iya ba da labari. Mutumin da a majalisar ƙauyenmu ba ya haɗa kalma uku, a gindin bedi sai ka gan shi yana kwaikwayon dillalan masara har mata suna riƙe ciki.

Wata shekara, gab da shigowar bazara, aka ce mana wata ƙungiya ta zo tana son jin ta bakinmu. Aka shigar da mu wani ɗaki mai fanka, aka raba lemo. Mai jagorantar taron wata matashiyar Hajiya ce daga birni, mai fara'a, ta gaisa da kowa hannu da hannu, har da Gwaggo. Kusa da ita wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar hatsi, shugaban kwamitin da ke kula da asibitin. Hajiyar ta ce lokacin da ake yanke wa marasa lafiya hukunci ba a tambaye su ba ya wuce. Ta ce mu ne masu ciwon, mu muka san inda yake mana zafi, duk abin da za a yi daga yau daga bakinmu zai fito. Wallahi na yarda da ita. Har yau ban ce ƙarya take yi ba, abin da ta faɗa shi ne a zuciyarta.

Sai dai mu ba a saba tambayarmu ba. A wajenmu in babba ya ce me kake so, godiya ake yi. Gwaggo ta tashi ta yi musu addu'a mai tsawo ta zauna. Wani ya ce Allah ya sa man shafawa kada ya yanke. Yaya ya sunkuyo ya raɗa mini, "Ke Malama, tashi ki ce a raba mu rana da masu cikin nan, mu samu baranda. Inuwa kawai muke biɗa."

Na tashi na faɗa, da Hausa, a fili, ban rage komai ba. Na ce rana ce ciwonmu, amma a rana muke jiran magani. Na ce a canza mana rana da masu awon ciki, ko su a canza musu, domin baranda ta ishe mu. Na ce abin da muke roƙo inuwa ce.

Fuskar Hajiya ta washe. Alhaji ya buga cinya ya ce, "Rumfa ke nan. Abu mai sauƙi. Za ku samu taku ta kanku, ba mai sake korarku." Na ce ba rumfa na ce ba, canjin rana na ce, amma tafi ya riga ya rufe muryata. Daga baya na gane abin da ya faru. Canjin rana ba a ɗaukarsa hoto, ba a kuma yanka masa ƙyalle. Da aka tashi aka fito da mu fili domin hoton tarihi, wai hasken ɗakin bai isa ba. Muka tsaya a rana muna runtse ido, mai hoto yana ta cewa mu buɗe.

Wata mai zuwa, tun daga bakin ƙofa na ga filin ya yi wani irin fayau. Na ɗauka idona ne. Yaya ya tsayar da mashin bai kashe shi ba, ya daɗe a zaune. An sare bedin. Kututturen ne kawai, fari, da garin zarto a kewaye, gumaguman an tara su a jikin katanga, wani mai gidan burodi yana lodawa. A wurin an kafa ginshiƙan ƙarfe, ba komai a samansu.

Na nufi mai gadi raina a ɓace. Ya ce, "To Malama, ina za a sa rumfar in ba inda kuke zama ba? An tambaye ni ina zabiyoyi ke zama, na nuna."

Ranar muka jera takalma kamar yadda muka saba, sannan muka tsaya muna kallon juna, domin babu wurin komawa. Muka manne a jikin katanga. Da hantsi inuwarta takan kai gwiwa in mutum ya tsuguna, kafin Azahar ta janye ta bar mu. Masu lema suka buɗe, marasa ita suka lulluɓa da zane. Bazara ce sosai, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. A baranda akwai benci guda ba kowa a kai, muna ganinsa. Wata mata daga Bakori, wadda watan jiya muka ci gyaɗa tare, ta dube ni ta ce, "Malama mai baki, ga inuwar taki nan, a sha lafiya." Ba wanda ya tsawata mata.

Likita ya iso a makare, ya ga Yaya, ya ce wurin yana nan yadda yake. Muka koma gida wuyan Yaya ya yi jawur, washegari ya tashi da bororo. Matarsa ta kwana biyu tana ɗora masa tsumma mai sanyi. Wata na gaba ma haka, ginshiƙai a tsaye, mu a jikin katanga.

Na ɗauki ƙafa na je Funtua, na sami Alhajin a shagonsa na kasuwar hatsi. Ya bar ni tsaye a bakin shago har ya gama ciniki, sannan ya ce in yi haƙuri, jinkirin na alheri ne. "Ba kwanon kowa-da-kowa za mu sa muku ba, Malama. Na musamman muka yi oda daga Kano. Ku ai ba irin kowa ba ne." Na tambaye shi wane iri. Ya yi murmushi ya ce in bari in gani da idona.

Farkon damina, ranar zuwan likita, aka kira mu bikin buɗewa. Na gani da idona, na ɗan lokaci, kafin hawaye su rufe shi. Rufin na roba ne fari, mai shara-shara, irin wanda haske ke ratsawa. An shafe ƙasan da siminti, an yi wa benci farin fenti. Rana tana saukowa ta cikin rufin, ta bugi simintin, ta dawo fuska. Wanda ba zabiya ba ba zai gane ba. Mu haske ba gani yake ƙara mana ba, kashe mana ido yake yi. A ƙarƙashin rumfar nan ko fuskar na kusa da ni ba na iya bambancewa, ga zafi ya taru ba ya fita, kamar an kife mu da kwano. Manyan baƙi suna gefe a cikin rumfar haya ta tamfol mai kauri, inuwa lumshi.

Alhaji ya karɓi lasifika. Ya ce kwamiti bai yi aikin nan da ka ba, sai da ya yi nazari. "An shaida mana babbar matsalar waɗannan bayin Allah ita ce ƙarancin gani. Kwanon ƙarfe duhu gare shi. Shi ya sa muka nemo wanda zai ba su haske, kada wani ya yi tuntuɓe." Aka yi tafi. Na juya wajen Yaya. Ya sa hannu ya kare idonsa, zufa tana gangarowa daga ƙarƙashin malfa tana bi ta kan ƙurjin.

Ana tashi na tare Hajiyar. Ban gaishe ta ba, na san rashin ɗa'a ne, ban kuma yi nadama ba. Na ce mata ta shigo ta zauna a ciki ta ji. Ta shigo, ta ɗaga kai ta dubi rufin, na ga fuskarta ta canza. Na ce, "Don me ba ku tambaye mu ba?"

Ta ce, a hankali, "Ai mun tambaye ku, Malama. Ke ma kika yi magana."

Ta ce aikin an riga an rufe shi, an kai rahoto, amma za ta ga abin da za a iya yi badi. Ina shirin ba ta amsa sai na ji an damƙe mini hannu. Gwaggo ce. Ta ja ni gefe ta ce, "Ki rufa mana asiri, ɗiyata. Kin yi magana an sare icce. Ki sake yi a hana mu man shafawa? Mu godiya muka iya, ki bar mu da ita."

Likita ma ba a tambaye shi ba. Da muka shiga ya ce shi kansa bai san iya abin da robar take tarewa ba, zai yi magana, amma shi baƙo ne a asibitin. Ya duba kunnen Yaya ya ce gefen wurin ya ɗan tashi, yana so ya sake gani wata mai zuwa, kada ya kuskura ya ƙi zuwa.

A hanya Yaya ya ce, "Abin ai ba wuya gare shi ba. Zana za a shimfiɗa a sama." Yana da tsofaffin zana na gamba da ya tanada domin dangar gidansa. Ana jibi ranar likita ya ɗaure su a mashin, ya tafi tun da asuba shi da wani abokinsa daga Ƙafur, shi ma zabiya. Suka ari tsani, suka hau, suka shimfiɗa, suka ɗaure da waya. Ya dawo yana fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ya ce ya zauna a ciki ya gwada, har barci ya so ɗaukarsa. Matarsa ta yi mitar dangarta, ya ce in kaka ta yi zai yanko mata sabuwar gamba.

Ranar likita muka iso da wuri. Zanan suna yashe a bayan katanga, a jiƙe, awaki suna ja. Rumfa tana nan tana ƙyalli kamar ranar da aka buɗe ta. Mai gadi bai jira na tambaya ba. Ya ce jiya Alhaji ya biyo da wasu baƙi zai nuna musu aikin, ya ga zana, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce nan asibiti ne, ba rumfar mai shayi ba, kuma duk wanda ya sake hawa rufin nan hukuma za ta kama shi da ɓarnar kayan jama'a.

Yaya ya saurara har ƙarshe. Ya je bayan katanga ya kori awakin, ya naɗe zanansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure a mashin. Na ce ya ajiye takalmi a layi tukuna. Ya ce, "Ba ni shiga."

"Yaya, likita ya ce kada ka ƙi zuwa."

"Na zo ai."

"Ka tsaya a gan ka."

"Ke ki tsaya. Ni ban sake zama inda aka mai da ni mahaukaci."

Ya tayar da mashin ya tafi, ni na dawo a motar haya. Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, shi ya sa na san ba zai sauko ba.

Damina ta yi nisa, aiki ya rufe shi: noma, taki, maimai. Duk ranar likita sai na biya ta gidansa, sai a ce ya tafi gona. Na yi lallashi, na haɗa shi da Inna, na haɗa shi da limamin unguwa. Na zage shi ma. Na ce masa girman kai ne zai kashe shi, na ce Alhaji ko a jikinsa, shi yana can yana cin kaza. Ya ce, "Kin gama?" Ya ce wurin ya bushe, yana barbaɗa masa garin kafso. In na ce ya nuna mini sai ya gyara rawani ya ce ni ba likita ba ce. Ina jin haushinsa a lokacin kamar in shaƙe shi, kuma na san da ni aka jefar wa zana a bayan katanga da abin da zan yi ya fi nasa muni.

Ana cikin karyar masara matarsa ta zo makaranta ta same ni. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce ta gaji da rufa masa asiri: matashinsa kullum da jini, yara sun daina cin abinci kusa da shi, wuyansa ta gefen ya kumbura. Da na je na tarar da shi a zaure. Bai yi gardama ba, da kansa ya warware rawanin. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Rabin kunnen babu.

Ranar likita da muka isa, nas tana jin warin ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta ce a wuce da shi ciki kai tsaye. Ashe akwai hanyar shiga ba tare da layi ba. Likita ya duba, ya taɓa kumburin wuyan, ya zauna. Ya ce, "Malam, ina ka shiga?"

Yaya ya ce, "Gona."

Sankara ce, ta shiga ciki. Aka tura mu Zariya. Masarar shekarar duk a can ta ƙare, da shanun huɗa. Aka yanke sauran kunnen, aka buɗe wuyan aka kwashe abin da aka iya kwashewa. Ya dawo gida da ɗaurin kai, ya ɗan samu sauƙi har yana fita ƙofar gida da yamma. Sannan abin ya sake fitowa ta ƙasan ɗinkin. Daga nan ban ga wani abin da zan so tunawa ba. Ya rame, ya daina iya haɗiyar tuwo, sai kunu, daga baya ko kunun. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, bai kuma taɓa cewa da na sani ba. Ya rasu bazarar da ta biyo, da hantsi, kansa a cinyar Inna.

Jana'izarsa ta tara mutane fiye da yadda muka zata, har daga ƙauyukan da ba mu da kowa. Inna ta ji daɗi, ta ce ashe ɗanta yana da jama'a. Ƙanenmu ne ya gaya mini abin da ya ji a maƙabarta. Wasu sun zo ne su gani da idonsu, domin tun suna yara ake ce musu zabiya ba ya mutuwa, ɓacewa yake yi. Har akwai wanda ya matsa bakin kabari yana leƙe. Ban gaya wa Inna ba har ta bar duniya.

Bara wani kaushi ya fito mini a gefen wuya. Ban yi wasa da shi ba, duk wata ina can. Rumfar tana nan, robar ta yi rawaya ta tsattsage, amma hasken bai ragu ba. Na sayi baƙin tabarau da lema, a ƙarƙashin rufin nake buɗe ta. An kawo sabuwar nas, yarinya mai ƙoƙari, ta fito da tsarin yi mana jawabin wayar da kai kafin likita ya iso. Watan da ya wuce ta tsaya a gabanmu ta ce za ta ba mu labari na gaskiya, a nan asibitin ya faru, an ba ta shi da ta kama aiki. Ta ce akwai wani manomi, an yi masa komai. Magani kyauta, likita har daga Zariya, an tambaye su abin da suke so, an gina musu wurin zama. Amma taurin kai da jahilci suka sa ya daina zuwa, ya koma barbaɗa garin kafso, sai da ya ruɓe aka kawo shi. Ta ce kada mu zama irinsa. Ta ce asibiti ya yi nasa, saura namu.

Tsofaffin zuwa duk sun san wa ake nufi. Gwaggo, da yanzu ba ta gani sam, ta laluba ta dafa gwiwata ta danne. Na duba layi, takalmina yana can baya, kuma yanzu wannan nas ɗin ce mai kiran mutane, ita ce mai raba man shafawa. Wuyana yana mini ƙaiƙayi a ƙarƙashin hijabi.

Nas ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya raba mu da taurin kai."

Na ce amin tare da kowa.